Zan je wankan jegon 'yata a Alƙahira, kowa cewa yake in bi mutane

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a taimaka a sakaya sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan, har da iyayen yaran da nake koyarwa. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka taɓa sauka a filin jirgin Alƙahira ko wani babban gari irinsa. Na daɗe ina karanta na mutane ban taɓa cewa uffan ba, yau ga shi ta zo kaina.

Ni malamar firamare ce a nan Jimeta, a Gwadabawa nake zaune, saura kaɗan in yi ritaya. Mijina ya rasu da daɗewa. 'Ya ɗaya Allah ya bar mini, tana aure a Misra, mijinta karatu yake yi a can. Yanzu tana da tsohon ciki, na fari. Da komai daidai ne gida za ta zo goyon ciki kamar kowa, to jininta yana hawa, likita ya hana ta shiga jirgi, ya kuma ce da wuya in ba aiki za a yi mata ba. Surukina ya yi iya ƙoƙarinsa, ya nema mini biza, ya sayi tikiti, ya ce in zo in zauna da ita har a gama wanka. Bizar da sunana take, ba a sauya ta da wani, kuma ba su da kowa a can sai 'yan uwansu ɗalibai. In ban je ba ita kaɗai za ta haihu. Ni kuma iyakata Gombe, shi ma bita aka tura mu, kuma ban san ko zan iya kai kaina wurinta ba.

Tunda maganar ta fita kowa ya zama malamin tafiya. Maƙwabciyata da muke kira Madam, 'yar Numan ce, nas mai ritaya, ta taɓa zuwa Urushalima sau ɗaya, tun daga nan ko nan kusa Girei za ka sai ta gaya maka abin da za ka saka a jaka. Ita ta zaunar da ni ta ce in ɗinka wa fasfo 'yar jaka in rataya a wuya ta cikin riga. Kada in karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da tsohuwa ce ta haɗa ni da Allah, ko da ƙullin daddawa ne. Man shanu da zuma su shiga babban akwati, in na riƙe su a hannu a gabana za a jefa su a shara. Kanwar kunu in bar ta a dunƙule kada in daka, don farin gari a leda ba ya yi wa baƙo kyau a idon ma'aikata. Ganyen darbejiya na wanka in shanya ya bushe, in sun ce ba zai wuce ba in bar musu, kada in tsaya yi musu bayanin jego. Yayana, Hamma, ɗan kasuwa ne mai zuwa Dubai saro yadi, shi ma ya kawo nasa. In sa takalmi mai sauƙin cirewa, in cika waya da caji, a rubuta mini adireshin gidan da Larabci in riƙe, duk wanda ya zo da fara'a zai taya ni ɗaukar kaya in ce na gode. Ya ce akwai matakala mai tafiya da kanta, in tattare zani da hijabi kafin in taka, ya taɓa ganin ta cinye wa wata Hajiya gyale.

Duk wannan na ji na riƙe, ba wuya. Amma kowa a wuri ɗaya yake ƙarewa. Madam ta ce da Hausarta, "Malama, kar ka damu kanka, in jirgi ya tsaya kai dai ka bi mutane, inda suka yi ka yi." Hamma ya ce motocin can ba sa tsaya wa kowa, in zan ƙetare titi in kutsa tsakiyar jama'a in tafi tare da su. Surukina ma da na tambaye shi ta ina zan fito, cewa ya yi ba a barin masu tarya su shiga ciki, in nufi ƙofar da kowa yake nufa kawai, a nan zan gan shi. To ni abin da ba na iyawa kenan.

Shekarun da 'yan gudun hijira suka cika mana gari, lokacin da kusan kowane gida akwai baƙi daga Mubi da Michika suna kwana a tsakar gida, mun je kasuwa ni da Malam, mijina, da yamma. Sayayyar komawa makarantar kwana muka je yi wa yarinyar, garin kwaki da sabulu da bokiti, ita mun bar ta a gida. Muna layin masu robobi aka ji ƙara daga can baya. Mutane suka kwaso a guje gaba ɗaya suka nufi ƙofa. Malam ya ce mu bi su, ya riƙe hannuna. Silifas ɗina ya tsinke, na sunkuya, wani ya bangaje ni na haɗu da bangon wani shago, hannunmu ya rabu. Na manne a bangon nan ina hango hularsa tana tafiya cikin kawunan mutane. Bam na biyu a bakin ƙofar ya tashi, inda kowa ya nufa. Ni ko ƙwarzane ban yi ba. Bokitin ma da shi na dawo gida, da shi ta yi ta wanka har ta gama makaranta.

Ban yi kuka ba a ranar, ban yi a takaba ba, har yau ban yi ba. Mata suna zuwa gaisuwa suna cewa Malama akwai tawakkali, dangina kuma su ce fulako ne, Bafulatana ba ta nuna ciwo. Na bar su a haka. Gaskiyar ita ce babu abin da nake ji, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka san taka ce amma in an taɓa ba ka ji. Ranar da 'yata ta bugo ta gaya mini tana da ciki ina tsintar wake, na ce Allah ya raba lafiya, na ci gaba da tsintar wakena. Ita ta ɗauka kunyar 'yar fari ce, tunda dama ko sunanta ba na kira. Al'adar nan ta rufa mini asiri ba kaɗan ba, ko a bikinta a ƙuryar ɗaki na wuni, aka ce ai haka uwar 'yar fari take yi.

Abu ɗaya dai jikina ya riƙe. Tun daga ranar ba na tafiya sai da bango a kafaɗata. Makaranta ina zuwa tun hanya ba ta cika ba, in dawo bayan yara sun watse. A aji bayana yana jikin allo, a asambuli ina jikin ginshiƙin baranda. Cefane Madam ce take haɗa mini da nata. Biki da suna da sassafe nake zuwa in ba da gudummawa in fito, har ana yaba mini wai ba ni da son hayaniya. Hamma ya taɓa cewa zai biya mini Umra na ce gwiwa ta hana. Mutanen da suke zaune ba su dame ni ba, ko nawa ne, shi ya sa jirgin kansa bai tsaya mini a rai ba. Abin da ba na iyawa shi ne mutane da yawa su nufi wuri ɗaya ina cikinsu. Ba ihu nake yi ba, ba faɗuwa nake yi ba. Ƙafafun ne suke ƙi, kunnuwa su toshe, in daina sanin inda nake.

Da tikiti ya zo na ga ba makawa, na gaya wa Hamma. Da farko dariya ya yi, da ya ga da gaske nake sai ransa ya ɓaci. Ya ce shekara nawa yanzu, gari ya zauna lafiya, waɗanda suka rasa gida guda suna nan suna cin kasuwa, sai ni ce shafaffiya da mai. Ya ce wadda ko hawaye ba ta yi ba a ranar, yau ce za ta zo masa da maganar tsoro. Na ce ba tsoro ba ne. Ya ce to mene ne, na rasa sunan da zan ba shi. Ya ce in ma aljanu ne su yi haƙuri har yarinya ta haihu, ya tashi ya tafi. Bayan kwana biyu ya aiko mini da sabon akwati da saƙon cewa zai raka ni Abuja har inda ake barin mai rakiya. Wannan shi ne ban haƙurinsa, na san halinsa, amma daga Abuja ɗin fa ni kaɗai ce.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce in nemi keken marasa lafiya, in ce ƙafa ce, ma'aikaci zai tura ni har waje. Na yi ta juya maganar. A keke ai ni ce a tsakiyar hanya, kaina daidai ƙugun mutane, hannuna ba ya kai bango, mai turawa kuma inda jama'a suka yi nan zai yi. Ta raka ni wurin likita aka ba ni wani magani, na gwada rabi na wuni ina barci, wanda kuma yake barci a filin jirgin ƙasar da ba tasa ba ai ya zama kaya.

Sai ta ce to mu gwada a gida tukuna. Ranar Asabar da hantsi muka hau keke napep muka tafi babbar kasuwa sayen kanwar, zuwana na farko tun wancan lokacin. Daga inda aka sauke mu zuwa ƙofa lafiya lau, akwai katanga. Da muka shiga na riƙe bakin zaninta, idona a ƙasa, muna tafiya, har na fara cewa a raina ashe abin ba wuya. Sai wani mai baro ya taho ta bayanmu yana cewa hanya, hanya, mutane suka ɗunguma gaba a tare. Abin da na sani bayan nan, ina zaune a kan bencin wani mai atamfa da ruwan leda a hannuna, Madam tana yi mini fifita da kwali. Ta ce a tsakiyar layi na ƙame kamar turke, mutane suna kewaye ni suna tsaki, mai baro yana jira, sai da mata biyu suka kama mata aka janye ni. Ni ban tuna ko ɗaya ba. Muka dawo ba kanwa, washegari ta koma ta sayo. A hanyarmu ta dawowa ran nan, da muka kusa gida, ta ce, "Malama, a can fa ba ni."

'Yata ba ta san duk wannan ba. Ta san ina kasuwar ranar da babanta ya rasu, ba ta taɓa tambayata yadda aka yi ba, ni ma ban taɓa faɗa ba. Jiya ta bugo ta ce ta roƙi likita kada ya sa ranar aikin sai na iso, don ba ta son a shiga da ita ba kowa nata a bakin ƙofa. Ta ce ko wankan jariri ba ta iya ba. Ta ce in namiji ne sunan babanta za su sa. Na ce to. Ta yi dariya ta ce, "Dada, ke dai kullum to."

Wani lokaci ina tunanin ko na isa, a miƙo mini jaririn in ji ba komai, kamar an miƙo mini ƙunshin wanki. Amma hannuna ya iya aikin ko da zuciyar ba ta ji ba, zan dafa ruwa, zan dama kunu, zan riƙe shi ta samu ta yi barci. Kuma ina so in je. Shi ne abu na farko da na ji ina so a duk shekarun nan, shi ma can ƙasa-ƙasa nake jinsa.

To 'yan uwa ya zan yi? In gaya wa 'yata gaskiya da wannan hawan jinin nata, ko in gaya wa surukina shi kaɗai, alhali ban taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba? Waɗanda aka taɓa turawa a keken marasa lafiyan nan, ta cikin jama'a ake bi da mutum ko akwai wata hanya daban? In na zauna sai kowa ya sauka sannan na fito a ƙarshe, za su bar ni? Allunan Turanci zan iya karantawa, wannan ba matsala. Sati mai zuwa ne tafiyar, akwati yana ɗaure, kanwa da darbejiya suna ciki, fasfo na ɗinka masa jakarsa yadda aka ce. Wanda ya san wurin sosai ya daure ya gaya mini, daga ƙofar jirgi zuwa inda surukina zai tsaya, akwai bangon da mutum zai bi ba tare da ya rabu da shi ba? In akwai inda ya yanke kada ku ɓoye mini, ku faɗa mini faɗin wurin, in san abin da ke tsakanina da ita.