Amaryar mijin yayata tana so ni zan yi mata ƙunshi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya tsaya.

Ni mai zanen lalle ce a nan Haɗejia, yayata ce ta koya min, uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ita ba ta kwafar zane daga waya, in amarya ta zo sai ta dubi hannunta da atamfar da za ta sa, ta ɗauki biro da takarda ta zazzana mata kala-kala nan take, amarya ta zaɓa. Ni kuwa da fensir, fure ɗaya sai in wuni a kansa ina gogewa. Har ƙwace fensirin take yi ta ba ni biro, ta ce in yi ta yi da sauri, mummunan ma in bar shi in wuce, mai kyau yana bayansa. Takan kai ni bakin kogi ta ce in zana ganyen bado ko ƙayar kifi kafin mai kwalekwale ya tsallaka. Duk da haka hannuna bai sake ba.

Daminar bara kwalekwale ya kife da su, za su biki wani ƙauye wajen Guri. A nan yayata ta rasu, ta bar yara biyu, suna gidan babansu.

Bayan arba'in na ɗauki biro haka kawai, sai ga zane yana zuba, in cika takarda in juya bayanta ban tsaya ba. Ina ga don yanzu ban damu ya yi kyau ko kada ya yi ba. Kwastomominta duk sun dawo wajena, har daga Jahun ake zuwa, ana ta yabo, ni ko a jikina. Kuka ma ban yi ba har yau, abinci ina ci, barci ina yi, shi ke nan.

To yanzu mijinta zai yi aure. Shi ya kira ni da kansa, ya ce, "Ƙanwata, yarinyar ta ce ke take so, amma in ba za ki iya ba wallahi ba komai." Na ce zan yi tunani. Da na faɗa wa Inna, mahaifiyarmu, ta ce in na je ba da yawunta ba, hannun da 'yarta ta koyar ba zai ƙawata wadda za ta shiga ɗakinta ba, ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. Gwaggo kuma, ƙanwar babanmu, ta zo ta ce Inna ba ta duba gaba, wannan yarinya ita za ta riƙe yaran, in muka fara da ƙin ta, wata rana ko ganin su sai ya gagare mu. Suka yi ta yi a tsakar gida, ina zaune ina kallon su kamar maganar wasu ake.

Amaryar ta turo min hoton atamfarta. Ban ma yanke shawara ba na samu kaina na zana mata wajen kala goma, kuma tun da nake ban taɓa yin masu kyan su ba.

Bikin sati mai zuwa ne. In bi Inna, ko in je saboda yaran? Kuma ƙunshin amarya wuni ake ana yi, hannunta yana cikin nawa. Tsorona kada abin da bai zo min ba tun bara ya zo min a can, a gaban mutane.

Me zan yi?