Yatsu Biyar Na Iliya

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke shimfiɗa kwalta a hanyar Tumfure.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Na zo ofishinka an kore ni, na aiko saƙo shiru, shi ya sa na fito da maganar bainar jama'a kowa ya ji. Ni kafinta ne a unguwar Herwagana, mahaifin Iliya, kurman nan da masu gadinka suka ragargaza wa hannu a ƙofar kamfaninka.

Na ɗaya, ka san wanda aka daka. Tun Iliya yana goye sanƙarau ya tafi da jinsa. Uwarsa ta so ta killace shi a gida don tsoron mota da jifan yara, ni na ƙi. Na kai shi wurin tela, ya ƙware, ya kama ɗakinsa a unguwar Madaki, yana ci da guminsa. Kowace Lahadi da an tashi daga sujada a coci, shi da 'yan'uwansa kurame, samari da 'yan mata, Musulmi da Kirista, sukan taru a gindin tsamiyar da ke daura da ƙofarka su yi hira da hannu. Tun kafin ku kafa shingenku suke zama a wurin. Duk faɗin Gombe nan ne kaɗai Iliya zai yi ba'a a gane, a yi dariya.

Na biyu, ga abin da ya faru, kamar yadda mai ƙosan wurin da sauran shaidu suka faɗa mini. Abokinsa Garba yana tsaye a tsallaken titi, daidai bayan shugaban masu gadinka, wani tsohon soja. Iliya ya ɗaga hannu ya ware yatsu biyar, yana gaya wa Garba ƙarfe biyar Garban zai raka shi gaida iyayen yarinyar da shi Iliyan yake nema. Mutuminka ya ɗauka daƙuwa aka yi masa, wai an zagi uwarsa. Ya daka tsawa. Wa ya ji? Yaron yana ma dariya da abokinsa. Suka tsallako su uku da kulake, aka sauke masa ɗaya a ƙeya, ya kife. Yana ƙasa yana nuna kunnensa, yatsunsa suna ta bayani, su kuwa suka ce ƙarin zagi ne. Sai ɗaya ya take masa hannun dama a kan tsakuwa da takalmin soja, ɗaya ya bi yatsun da kulki ɗaya bayan ɗaya har ƙashi ya huda fata. Mai ƙosai tana ihu cewa kurma ne, ta sha mari. A kwance cikin jini na same shi, yana wani irin gurnani da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Na uku, kada kowa ya zo mini da maganar kuskure. To ko daƙuwar ce, a wace doka aka ce hukuncinta karya yatsu? Yara nawa ke yi wa juna ita a kasuwa kullum? Haba! Ashe mulkin kan da muka yi wa rawa bai iso gindin tsamiya ba. Ana ta cewa kuɗin mai ya zo, za a yi mana titi mai sheƙi, sai ga jinin ɗana a ƙarƙashinsa. Allah ya sani, ranar na ɗauki gizagona na nufo ƙofarka, maƙwabcina Malam Buba ne ya rirriƙe ni. Ba don shi ba, da daga kurkuku nake rubuto maka.

Tun ranar ba kurma ko ɗaya da ya koma wurin, iyaye sun kulle 'ya'yansu. Uwar Iliya ta kwaso kayansa daga Madaki, ta ce daman ta faɗa.

Don haka ina neman ka miƙa mutanen nan uku ga 'yan sanda a kai su gaban alƙali. Kamfaninka ya ɗauki nauyin jinyarsa. Ka kuma fito da kanka ka shaida wa iyayen yaran nan cewa ba mai sake taɓa su a gindin tsamiya, don su sake su su koma cikin 'yan'uwansu.

Likita ya ce da wuya yatsun su sake lanƙwashewa. Ranka ya daɗe, da su yake riƙe almakashi, da su yake magana. Yanzu kullum na shiga ɗaki sai ya ɗaga hannun hagu yana tambaya ta laifin da ya yi, don har yau bai san dalilin dukan ba. Na rasa yadda zan nuna masa. Ka zo ka gaya masa da kanka.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka 'ya'yanka, ya bar musu jinsu da yatsunsu.

Wassalam.

Mahaifin Iliya,
Herwagana, Gombe.