Ƙafar Baban Una

Suva, 9 ga Maris, 1984

Zuwa ga maigidana, Baban Una,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da 'yarmu Una da Nei mahaifiyarka. Yaya teku? Yaya mutanen tsibirinmu Moala? Ni lafiyata ƙalau, sai dai ruwan saman Suva da ba ya gajiya. Yau kwana shida ban ga inuwata ba.

Ka tambaye ni abin da ake koya mana a makarantar jinya. Za ka yi dariya. Tsayuwa aka fara koya mana. Malama Roshni ta jera mu, ta ce kowace ta miƙe, fuska gaba, hannaye a sake, tafin hannu yana kallon gaba. Ta ce daga yau duk wanda za mu kwatanta jikinsa, ko a kwance yake ko a kife, a haka yake tsaye a cikin kanmu. Ina tsaye a haka sai na gan ka kana fitowa daga ruwa da hantsi, ka buɗe mini tafin hannu biyu don in san yau babu kifi. Har ƙanshin gishiri na ji. Sai da Torika, wadda muke ɗaki ɗaya, ta zungure ni ta ce, "Gwaggo, tun ɗazu aka ce a zauna. Ko jirgi kike jira?" Gwaggo suke ce mini, don duk ajin ni kaɗai ce mai aure.

A gida ba ma ɓata hanya. Abu ko yana ta wajen teku, ko ta wajen tudu, ko ta inda iska ke fitowa. Jikin mutum ba shi da teku, shi ya sa aka ja masa layi daga tsakar ka har tsakanin ƙafafu. Abin da ya matso layin ana ce masa medial, wanda ya yi gefe kuma lateral. Hannu da ƙafa ana auna su daga inda suka tsiro a jiki, gwiwa tana kusa, yatsu suna nesa. Dama da hagu kuwa na majinyaci ne, ba nawa ba. A nan na sha kunya. Akwai ƙwarangwal a rataye a ajinmu, 'yan mata sun sa masa suna Ango. Aka ce in nuna haƙarƙarinsa na dama, na taɓa na hagu. Malama ta ce, "Salanieta, da likita ce ke, da kin cire wa bawan Allah lafiyayyar ƙoda."

Na samo dabara. Da la'asar nakan zauna a bakin taga, in rufe littafi, in bi jikinka a zuci. Tabon ƙugiya yana gefen waje na babban yatsanka. Baƙin ɗigon nan yana ƙasa da allon kafaɗa, kusa da layin tsakiya. Ina tafe a hankali kamar mai zaga tsibiri a kwalekwale, ruwa yana sauka a kan kwano, har a kaɗa ƙararrawar abinci ban ji ba.

A ƙarshen wasiƙarka ka ce dutse ya yanke ka a ƙafa tun Janairu, wai ɗan ciwo ne. Wace ƙafa? Gefen ciki ko na waje? Kusa da yatsu ko kusa da dunduniya? In akwai ja, ina ya tsaya? Ka rubuto mini dalla-dalla. Ba tsoro nake ji ba, karatuna nake so in gwada.

Ka sumbaci Una a goshi, daidai tsakiya.

Matarka,
Sala

Suva, 24 ga Maris, 1984

Baban Una,

Ina gaishe ka, ina gaida Nei da Una. Ina fata kun tashi lafiya.

Wasiƙarka ta iso jiya. Na yi dariya a layin farko, inda ka ce, "Ƙafar hagu ce, hagu tawa ba taki ba, Malama." Daga nan dariyar ta tafi. Ka ce ciwon yana gefen waje, gab da gindin ƙaramin yatsa. Ka ce yatsan ya yi duhu, jan ya haura idon sawu da faɗin yatsa uku, kuma kaluluwa ta fito maka a matsematsi. Sai ka rufe da cewa in kwantar da hankalina, ko zafi ba ya yi.

Na juya maganarka zuwa kalmomin aji, na kai wa Malama Roshni kamar aikin gida, ban ce na wane ne ba. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "Wannan karon ba kuskure. A wane ɗaki yake kwance?" Na ce ba a kwance yake ba, yana Moala, ƙila ma yanzu yana cikin ruwa. Ta tambaya ko kana yawan jin ƙishirwa, sai na tuna kwakwa huɗu da kake fasawa kafin azahar, ina yi maka tsiya. Ta ce rashin zafin nan shi ne abin da ba ta so.

Na yi maka ƙarya a waccan wasiƙar. Tsoro nake ji, tun ranar.

Yau a aji ana bayani a kan abin da ke sama-sama da abin da ke can ciki, ni kuwa ina kallon jan nan yana hawa ƙafarka kamar yadda ruwa ke cika a bakin gaɓarmu. Ba ya sauri. Ya rufe dutse ɗaya, ya huta, ya rufe na gaba.

Na aika saƙo ta rediyon gidan waya, amma na san ka, za ka ce sai an gama rufin coci. Rufin zai sami wasu hannayen. Jirgin ruwan da ya kawo maka takardar nan zai juyo ranar Alhamis, ka shigo shi. Kada ka shiga teku kafin nan, kada kuma ka bari a ƙara ɗaura maka ganye. Zan tsaya a tashar jirgi da laima.

Taka,
Sala

Suva, 13 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga Nei, surukata,

Ina durƙusawa in gaishe ki. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Una, tana cin abinci? Allah ya saka miki da alheri da kika tura shi cikin jirgi, ya ce har da sanda kika raka shi.

Ɗanki Apenisa yana samun sauƙi. Ciwon sukari ne, shi ya hana yankan warkewa. An cire masa yatsu biyu na ƙafar hagu, ƙaramin da na kusa da shi. Ƙafar tana nan. Likita ya ce da an jira wani jirgin, a ƙasan gwiwa za su yanke.

Washegarin da aka kwantar da shi, Malama ta kai mu zagayen majinyata. Da muka iso gadonsa ta ce, "Salanieta, kwatanta wa likita." Na so ƙasa ta buɗe. Na tsaya a ƙafar gado, na ɗaga ƙyallen, na faɗi gefen, na faɗi nisan, na faɗi zurfin. Muryar da ke fita kamar ta wata ce, ni kuma ina can sama kusa da fanka ina kallonmu. Likita ya gyaɗa kai ya rubuta. Da suka wuce, ɗanki ya riƙo gefen rigata ya ce, "Maman Una, ashe ƙafar nan tawa tana da sarauta haka ban sani ba?" Na fita baranda na yi kukan da na riƙe mako uku.

Yana ƙorafin abincin asibiti, yana mafarkin gwaza da kifi cikin madarar kwakwa. An ce ya rage gwazar, kifin kuwa ya ci. Ki gaya wa Una gaskiya tun yanzu. Na san in ya dawo za ta so ta gani da idonta, ki bar ta.

Abu ɗaya ya rage. Likita ya ce ba zai ƙara taka ƙasa ba takalmi ba, shi da ko ranar aurenmu a hannu ya riƙe nasa. Jiya na shimfiɗa jarida, ya dafa kafaɗata ya tsaya a kai, na zagaye sawunsa da fensir don in kai wa mai takalma. Na dama ya fito yadda na san shi. Na hagu kuwa layin ya karkato da wuri, kamar gaɓar da ruwa ya ci. A cikin bas na buɗe jaridar a cinyata ina kallo, har na wuce kasuwa, har direba ya ce nan ne ƙarshen hanya. Na dawo da ƙafa. Takalmin zai fito ranar Talata, baƙi ne, mai igiya.

Ki gaida Una da dukan mutanen gida. Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Salanieta