Ƙwayar da Ke Kunnena

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Masallacin Unguwarmu, Rigasa, Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne ladanin da kuka dakatar, wanda yake kira muku salla tun kafin sojoji su dawo mulki, tun ba mu da lasifika. Na rubuta a fili ne domin a fili aka ɓata ni.

Na farko, gaskiya ne na yi tangaɗi a sahun La'asar. Ina ɗagowa daga ruku'u na ga masallaci yana juyawa, na dafa bango, jama'a suka gani.

Na biyu, na je asibiti. Likita ya bayyana mini cewa can cikin kunne akwai ɗan ruwa da wasu ƙwayoyin halitta. Wasu su ke ji, wasu kuma aikinsu tallafa wa masu jin, kamar yadda ladani yake ga liman. Masu tallafin ne ke samar da 'yan tsakuwoyi na sinadarin kalsiyam, dangin alli, da su mutum yake sanin tsaye yake ko sunkuye. Tsakuwoyin nawa ne suka goce daga mazauninsu, shi ne jirin. Ya kwantar da ni, ya jujjuya kaina, ya koya mini yi a gida, kuma alhamdulillahi na samu sauƙi.

Na uku, nan abin ya lalace. Maƙwabcina ya zo dubiya, na ce masa likita ya ce matsalar ƙwaya ce a kunne. Kafin maganar ta iso gare ku kunnen ya faɗi a hanya, saura ƙwaya. Kuka zauna, ba ku kira ni ba, kuka yanke cewa ladaninku ɗan ƙwaya ne. Ni da ko goro na bari saboda haƙori! Da farko dariya na yi. Na daina ranar da matata ta dawo daga Babbar Kasuwa tana kuka, wai masu kayan miya suna yi mata jaje.

Ban ce kun yi da mugunta ba, kalma ɗaya ce mai fuska biyu. Amma tambaya ɗaya da ta wadatar.

Roƙona biyu ne. Ku aiko wanda kuka yarda da shi mu je wurin likitan tare. Sannan ku wanke ni da lasifika bayan sallar Juma'a. Ladanci kuwa, in kun ga dama ku bar wa wanda kuka naɗa, muryarsa ta fi tawa. Sunana nake so, domin shi kaɗai zan bar wa 'ya'yana.

Allah Ya ƙara muku basira, Ya tsare ku daga jiri da masu kai labari.

Wassalam,
Malam Isiyaku Ladan.