Na Rubuta Takardar Barin Aiki Sau Uku

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara, na rasa tudun dafawa.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, shekara ashirin da biyu ina riƙe da alli. Kuma marubuci ne. Littattafaina shida, duk ƙagaggun labaran kimiyya: mutanen da suka kafa gari a duniyar wata, injinan da suka koyi yin fushi, irin waɗannan dai. Yayana har gobe ɗan sama jannati yake kirana.

Yanzu masu buga littattafaina suna son sababbi uku cikin shekara biyu. Tunda maganar ta zo na kasa zaune na kasa tsaye. Ina gaban allo, hankalina yana can wata duniyar. Makon jiya aka sa ni gadin jarrabawa, na duƙufa rubutu a bayan takardar tambayoyi, yara suka yi ta satar amsa. Shugaban makaranta ya soke jarrabawar, har da ta waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Wallahi na kasa haɗa ido da su. Sau uku ina rubuta takardar barin aiki ina mayarwa cikin aljihun tebur. Maiɗakina ta ce saura shekara takwas in yi ritaya, ga 'ya'yanmu mata biyu a jami'a. Ni kuwa idona ya fara rauni. Wa ya san ko zai kai takwas ɗin?

Malami Mai Zuciya Biyu

Malam, fara da ɗaliban nan. Ka tsaya gabansu ka ba su haƙuri, ka kuma shirya musu bita kafin su sake zama. Wannan haƙƙi ne, ba ya jira.

Maiɗakinka tana da gaskiya, karatun yaranku ba ƙagaggen labari ba ne. Kai ma kana da taka: baiwa irin wannan ba a ce mata ta dakata shekara takwas. Amma taura biyu ba ta taunuwa a ɗakin jarrabawa. Nemi hutun shekara ɗaya a wurin aiki, ka ce wa masu buga littafi ɗaya za ka fara ba su. Idan da gaske suna son alƙalaminka, za su jira. Ka je likita ya duba idon nan cikin makon nan, ka daina yi masa duba da kanka. Sannan ka ba Maiɗakinka babin farko ta karanta. Wanda aka nuna wa hanya ya fi saurin yin rakiya.

Allah Ya ƙara wa ido lafiya, Ya sa alƙalami ya yi albarka.