Abin da Elsi Ta Gani a Bayana

Ingila, 3 ga Mayu

Yaya Zubaida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da Gwaggo Dije da duk mutanen gida. Hoton wasiƙar Baba da kika turo ta waya na karanta shi ya fi sau goma. Shekara biyu ina ɗauke da maganar da ya yi mini a zaure ranar da zan taho, cewa Turawan da suka kashe masaƙar ubansa da yadin inji su zan je in yi wa wankin kashi, in tafi, bai yafe ba. Da na ga kin rubuta ya ce ya yafe, sai da na zauna a ƙasa na yi kuka. Tunda har yanzu ba ya taɓa waya, ki karanta masa wannan.

Ki gaya masa gidan tsofaffin da nake aiki tsohuwar masaƙa ce, hawa biyar ta jan bulo, kusa da Manchester. Injinan sun tafi tun kafin a haife ni, an yanka wurin ɗaki-ɗaki an zuba waɗanda suka yi aikin a ciki. Akwai wata Elsi, shekararta casa'in da ɗaya. Ta shiga masaƙar tana da sha biyar, kafin ta kai talatin ƙarar inji ta kurmantar da ita. Ta ce a lokacin ba mai jin wani, sai matan suka koyi magana da leɓe kawai, daga wannan bango zuwa wancan. Har yau ko ta cikin gilashi kika yi gulmarta, ta kama ki.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shekaranjiya da hantsi ina ba ta shayi, sai ta tsallake ni da ido, ta kafa shi a bayan kafaɗata. Ta tambaye ni wane ne tsohon nan da ke bi na. Na waiga, ba kowa sai ƙofa. Ta ce yana magana amma ba Turanci ba ne, bari ta kwaikwayi bakinsa. Ta murɗa leɓenta a hankali, sai na ji ta ce: "Mai sunan Baba."

Yaya, a ƙasar nan ba wanda ya san Baba ba ya kiran sunana. Baba lafiya yake?

Ƙaninki,
Mustafa

*

Kano, 5 ga Mayu

Mustafa,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya lau, zafi ne kawai ya sa mu a gaba, ruwa ya ƙi sauka. Baba yana gaishe ka, ya ce ka riƙe aikinka da kyau.

Kai dai tun kana ƙarami matsoraci ne, ko kaza ta yi tari sai ka ruga ɗakin Gwaggo. Tsohuwa mai shekara casa'in me ba za ta gani ba? Wataƙila kai ka taɓa faɗin sunan a gabanta ka manta. In kuma mutanen ɓoye ne, tsohon gini ba ya rasa su, ka riƙa azkar ɗinka safe da yamma. Kada ka je kana gaya wa Turawa su ce ka taɓu, ka san takardar zamanka a hannun masu gidan take.

Baba bai fita kasuwar Kurmi ba kwana biyu, Sule maƙwabcinsa ne ke buɗe masa rumfa. Hutu ne kawai. Ka daina zama gaban matar nan.

Yayarka,
Zubaida

*

Ingila, 12 ga Mayu

Yaya Zubaida,

Salam. Gaisuwata gajera ce yau, ki yi haƙuri.

Ba ni nake zaɓar ɗakin da zan shiga ba, kwamfuta ce ke raba mu, kuma ta ba ni Elsi mako guda cur. Kullum da hantsi sai ta gan shi. Na sa ta kwatanta mini shi. Ta ce dogo ne, siriri, da farin gemu, da tabo a gira ta dama. Wannan duk zan iya cewa ta ga hotonsa a wayata. Amma ta ce bakinsa ya karkace gefe guda, shi ya sa yake ba ta wahalar karantawa, kuma hannunsa na hagu a sake yake, yana lilo. Ta ce rigarsa a jiƙe take ta gaba, kamar an ba shi ruwa ya zube.

Jiya na fito da wasiƙar nan a waya, na karanta wurin yafiyar a bayyane, don in ji sanyi a raina. Elsi ta riƙe mini hannu. Ta ce tsohon ya fusata, yana ta maimaita abu ɗaya. Ta kwaikwaya har sau uku kafin ya fito sosai: "Ban ce ba. Ban ce ba."

Ita ba ta san me ta faɗa ba, har tambayata ta yi ko addu'a ce. Ni na sani. Na haɗa ki da Allah, Yaya, wa ya yi wasiƙar nan?

Mustafa

*

Kano, 13 ga Mayu

Ƙanina,

Assalamu alaikum. Ni na yi ta. Tunda ka haɗa ni da Allah, ga gaskiya.

Wata uku ke nan Baba ya faɗi a rumfa, ana cikin auna wa wata mata yadi. Hawan jini ne, ɓarin hagu ya shanye, murya ta tafi. Ni da Gwaggo muka yanke kada a gaya maka, kamar yadda aka saba yi wa na nesa, don mun san za ka watsar da komai ka taho. Yafiyar kuwa na ga kana ramewa a hoto ne, na ce bari in ba ka abin da na tabbata zai ba ka da bakinsa in ya huce. Na yi kuskure, kuma ina jin kunyarka.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wannan. Kullum da hantsi, in na gama ba shi koko, sai ya kafa ido a bangon gabas, inda ba komai sai ƙusar rataye carbi. Leɓensa su yi ta motsi, ba sauti. Na sa kunne har a bakinsa, iska kawai nake ji. Malam Nazeer limamin unguwa ya zo ya ce zikiri ne. Ni na san fuskar Baba in yana zikiri, wannan fuskar faɗa ce. Ranar da ka ce ka karanta wasiƙar, sai da ya kusa faɗowa daga gado.

Na gwada kai masa waya da hotonka don mu kira ka, ya juya fuska bango. Likita ya ce mu yi ta addu'a. Ka taho, Mustafa. Aiki ya tafi in zai tafi.

Zubaida

*

Ingila, 18 ga Mayu

Yaya,

Salam. Ban riƙe ki ba, ki bar wannan maganar.

Kin ce in taho. Kwana biyar ina juya abin. In na zo zan ga fuskarsa, amma ba zan ji ko kalma ɗaya ba, kamar yadda ba kwa ji. A nan kuwa ba na ganinsa, amma a duk duniya nan ne kaɗai ake jin abin da yake faɗa, ta bakin matar da ta saƙa irin yadin da ya tsana. Na gaya wa Elsi labarin kakanmu da masaƙarsa. Ta nuna kunnenta ta ce su ma injin bai bar su da komai ba.

Yau Alhamis na yanke shawara in roƙe shi kai tsaye. Agogonmu ɗaya da naku a waɗannan watannin, ƙarfe goma da kwata ne. Na rufe ƙofa, na tambayi Elsi inda yake tsaye, ta nuna kusa da taga. Na cire takalmi na durƙusa a wurin, gaban iska, na sunkuyar da kai. Na ce Baba na yi laifi, na tafi ba da izininka ba, ka yafe mini. Na faɗa sau uku. 

Na ce mata me ya ce. Ta ce bai ce komai ba, bakinsa a rufe yake ruf, yau ne karo na farko. Ta ce hannunsa mai lafiya ne ya ɗaga a kaina, ita kuwa baki aka koya mata karantawa, ba hannu ba. Na ce duka ne, ko kora? Ta ce hasken taga ya hana ta gani. Ban ji komai a jikina ba. Da na ɗago ta ce ya tafi.

Tsoro nake ji, Yaya. Na sayi tikitin Asabar. In korata ya yi, gara ya kore ni ina gabansa.

Mustafa

*

Kano, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Mustafa,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika yau kafin sha ɗaya. An kai shi maƙabartar Ɗandolo bayan azahar, yanzu na ga wasiƙarka.

Ina zaune a gefensa. Goma ta ɗan wuce ya daina motsa baki, ya miƙa hannun dama gefen gado, ƙasa-ƙasa, daidai inda kan mutum zai kai in ya durƙusa. Ya buɗe tafin, ya ɗora a kan abin da ba na gani, ya yi ta shafawa a hankali, daga goshi zuwa ƙeya. Ya daɗe yana yi. Hannun bai sauko ba sai da rai ya fita.

Na taɓa yi maka ƙarya a kan wannan magana, don haka ba zan ce ka yarda da ni ba. Gwaggo Dije tana ɗakin, ita ta sauke hannun. In ka iso ka tambaye ta kafin ka gan ni.

Allah Ya ji ƙansa, Ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Zubaida