Saran da Ba Ya Kumburi

Laraba, 8 ga Yuni, 2531 (1988 miladiyya)

An kawo kwamfutar yau daga garin Hat Yai. Kwali uku a bayan a-kori-kura, Hia Meng mai shagon kwamfuta na zaune a kan babban kamar mai rakiyar gawa. Ya kwashe littattafaina daga kan tebur ba tare da ya tambaye ni ba, ya jera akwati, da allo, da madannai. Wai kada in bar kyanwa ta hau. Ba mu da kyanwa.

Mijina Prasop na kallo daga kujerarsa, hannun daman nan ajiye a cinya kamar na aro. Shekara talatin yana jinyar waɗanda maciji ya sara a Trang, tun da ɓarin jikinsa ya shanye a Maris ko cokali ba ya iya riƙewa. Kowit, tsohon ɗalibinsa da ya gaji kujerarsa a asibiti, shi ya kawo dabarar: a kwashe abin da ke kan malam a zuba a na'ura, don nas da ke can ƙauyen masu tatsar roba ta tambaye ta, ta ba ta amsa. Wa zai zuba? Ni. Don ina koyar da lissafi, ina karanta Turanci, kuma ni kaɗai na rage mai gane maganarsa.

Ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Asabar, 11 ga Yuni

Manhajar ta zo a faifai biyu. Na ɗauka da wani ilimi a cikinta. Ɓawo ce, ba ƙwaya. Abin da ta iya kawai: IDAN kaza, TO kaza. Sauran ni zan ciko.

Na ce wa Hia Meng, “Wato kun sayar wa asibiti tukunya, miyar kuwa mu nema.” Ya ce, “Malama, ai tukunyar ta Amurka ce.” Na kusa jifansa da littafin bayanin. Littafin da wanda ya rubuta shi bai taɓa yi wa ɗan Adam bayani ba a rayuwarsa.

Talata, 21 ga Yuni

Ba ta iya rubutunmu ba. Wasula na faɗowa daga kan baƙaƙe. Sai da Hia Meng ya buɗe cikinta ya cusa wani kati. Yanzu tana rubutu, amma da muni.

Na fara da Prasop. Na ce, “Yaya kake gane saran kububuwa?” Ya ce, “Ina gani.” Na ce na'ura ba ta da ido. Sai ya fara, kalma ɗaya-ɗaya: a ɗebi jini a kwalba, a ajiye, idan ya ƙi daskarewa. Idan dasashi na jini. Idan ƙafa ta kumbura har gwiwa. Ina ta bugawa. Yana nan. Duk yana nan a ciki, ƙofar ce kawai ta ƙi buɗuwa sosai.

Lahadi, 3 ga Yuli

Manhajar na son a ba kowace ƙa'ida lamba, wai gwargwadon tabbaci. Na tambaye shi, idan fatar ido ta fara saukowa, kashi nawa cikin ɗari gamsheƙa ce? Ya dube ni da ɓarin fuskar da ke motsi, ya ce, “Ke, kashi nawa ne kike matata?”

Na ce yau dai sittin. Ya yi dariya har ya sarƙe.

Alhamis, 14 ga Yuli

Ruwa tun Litinin. Wuta ta ɗauke ina tsakiyar aiki, duk abin da ya faɗa da safe ya tafi. Bai san ya tafi ba, kuma ban iya sa shi ya maimaita ba, don ya gaji har miyau na zuba.

Faifai ɗaya ya yi fumfuna. Fumfuna! Yanzu ina ajiye su cikin gwangwanin biskit da ɗanyar shinkafa.

Juma'a, 29 ga Yuli

Ya sake faɗuwa. A banɗaki. Muna asibiti.

Litinin, 8 ga Agusta

Mun dawo gida. Kowit ya ce wannan shanyewar ƙarama ce. Ƙarama a wurin wa? Jiya ya nemi kalmar kofi ya rasa, ya nuna da haɓa, da na miƙa masa tabarau ya share tebur da hannun hagu. Na tsince fasassun, na shiga kicin na zagi tukwane.

Yayarsa Somchit ta zo da ruwan addu'a daga haikali, da nasiha. Wai in bar shi ya huta, ina tatsarsa kamar bishiyar roba. Na ce, “Yaya, in na bar shi, ke za ki je ƙauye ki gaya wa nas wace allura za ta yi?” Ta ce baki na ne ya sa ba mu da baƙi. Ta yi gaskiya. Ban damu ba.

Abin da ban gaya mata ba: idan na kunna na'urar, yana gyara zama. Nan ne kaɗai har yanzu shi likita ne.

Asabar, 27 ga Agusta

Sauri nake. Ina jin ƙofar na rufewa. Da safe kawai yake da magana, kafin rana ta ɗaga, don haka na bar zuwa kwaleji, su kore ni in sun so. Ina tambaya, yana ba da rabin jimla, ina ƙarasawa, yana gyaɗa kai. Mun gama sashen wanda za a riƙe da wanda za a sallama.

Na'urar ta ce ƙwaƙwalwarta ta cika. Ita ma. Sai da na raba ƙa'idojin gida biyu.

Lahadi, 4 ga Satumba

Kowit ya zo da likitoci uku, duk ɗaliban Prasop, don su duba aikin. Na buga musu komai a firinta. Sun shigo a durƙushe, sun haɗa tafuka a goshi, sun zauna a ƙasa gaban kujerarsa, manyan mutane masu furfura. Sun karanta shafi-shafi. “Haka ne, Malam.” “Babu abin ƙarawa, Malam.” Kowit ya ɗan daɗe a kan shafi ɗaya, ya ce yana da kyau, ya juya.

Prasop ya ci shinkafa kwano guda cur. Ƙarshen wata za a kai na'urar ƙaramin asibitin Sikao a fara gwaji da mutane.

Na yi barci.

Laraba, 14 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na ce bari in gwada ta da labaran da na haddace a bakinsa, na wajen cin abinci. Na ɗauko na Mae Nuan, mai tatsar roba, wanda ya ba kowane baƙo har na tsane shi. Tana barci a tabarma, wani abu ya cije ta a yatsa. Ba zafi, ba kumburi. Ciwon ciki kawai. Kowa ya ce ta tafi gida, Prasop ya hana. Kafin azahar numfashinta ya tsaya, shi da ɗalibansa suka yi ta matsa mata iska da hannu, suna karɓa-karɓa, har ta farfaɗo. Macijin nan ne mai zobba baƙi da fari, mai shiga ɗaki. Ba ya kumbura wuri. Kashewa kawai yake.

Na shigar da amsoshin. Kumburi? A'a. Zafi? A'a. Jini ya daskare? E.

Ta rubuto da koren rubutunta: BA DAFI. A WANKE CIWO, A SALLAMA.

Na buga ME YA SA. Tana da wannan hali, in ka tambaya tana jero maka ƙa'idojin da ta bi. Ta nuna mini. Idan ba kumburi, ba zafi, jini lafiya, to a sallama. Ƙa'idar watan Agusta ce. Ba tambayar ko a barci aka sare shi. Ba maganar riƙe mutum ya kwana. Macijin da ya yi suna a kansa, wanda ya rubuta maƙala a kansa ni na gyara masa Turancin, ya ɓace daga kansa ƙaf, ramin ma bai bari ba.

Ya faɗa, na buga. Ina ta murnar sauri.

Alhamis, 15 ga Satumba

Na je asibiti na tarar da Kowit a kantin abinci yana cin taliya. Na ajiye masa shafin a kan kwanon.

Bai ma karanta ba. Ya sunkuyar da kai. Nan na gane.

Na ce, “Ka gani ranar.” Ya ce, “Malama, ki zauna.” Na ce, “Kai ne ka matsa wa Mae Nuan iska har hannunka ya ƙage, ko ba kai ba ne?” Ya ce shi ne. Dukansu huɗun sun gani. Sun yi maganar a mota.

“To bakinku fa? Kun baro shi a takalmanku a ƙofa?”

Ya ce, “A gabansa, Malama? Yana kallonmu yana murmushi? Mutumin nan shi ya biya mini kuɗin jarrabawa. Kowace shekara ina kai masa furanni ina sa goshina a ƙafarsa. In buɗe baki in ce, Malam ka manta?” Wai niyyarsa ya gaya wa nas ɗin Sikao a asirce, ta riƙa tsallake wannan amsar.

A asirce! Na ce idan ta tafi haihuwa fa? Idan aka kwafi faifan aka kai wani gari? Na'ura ba ta san kara ba, Kowit, abin da aka ba ta shi za ta yi ta faɗa da sunansa har ta kashe wani. Na ɗaga murya har mai taliya ta rage rediyo. Na kira shi matsoraci, na kira su duka 'yan amshin Shata masu farar riga. Da na tashi ya ce, “To ke ki gaya masa. Ke ba ɗalibarsa ba ce.”

Asabar, 17 ga Satumba

Idan wannan ƙa'idar ta lalace, saura nawa?

Lahadi, 18 ga Satumba

Na kira Kowit gida, ta ƙofar baya, lokacin barcin ranan Prasop. Muka bi duk abin da aka shigar bayan faɗuwa ta biyu. Na ce masa a nan ba malami, ni ce kawai, kuma ni ina cizo. Mun sami wasu ƙa'idoji uku da suka lalace. Ɗaya ta juya magunguna biyu. Kowit na gyarawa yana share ido da bayan hannu, ni ina bugawa ina ce masa ya yi sauri.

Yanzu da na sake shigar da labarin Mae Nuan, na'ura ta ce: A RIƘE TA. A SHIRYA TAIMAKON NUMFASHI.

Saura in gaya masa. Dole. Ban taɓa barin kuskure ya wuce ni ba, ko na shugaban kwaleji, ko na uwata. Da wannan halin ya aure ni. Ya sha faɗa.

Talata, 20 ga Satumba

Na zauna gabansa da shafin. Na ce, “Prasop, macijin nan mai zobba.” Ya dube ni. Ya jira. Idonsa fes, kamar na mai jiran a ƙarasa masa labarin wani gari.

Na ce ruwa zai sauko, bari in kwashe shanya.

Juma'a, 30 ga Satumba

Sun zo sun ɗauki na'urar. Hia Meng ya naɗe wayoyi, Kowit ya rungumi gwangwanin biskit kamar jariri. Prasop ya sa na sa masa farar rigarsa, aka tura kujerarsa har baranda.

Tebur ya yi fili. Ban mayar da littattafan ba tukuna.

Lahadi, 2 ga Oktoba

Kowit ya bugo waya. An gwada ta a kan mutum biyu, lafiya.

Da safe ina ba shi fate-faten shinkafa, sai ya kama hannuna da hagunsa. Yana son aiki. Na ɗauko takarda da biro, tunda ba na'ura. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, gumi a goshinsa. Idan ba kumburi. Ba zafi. A sallama, kada a wahalar da talaka da kwanan asibiti. Ya ce, “Kin sa wannan?”

Na ga bakina ya buɗe. Na san duk abin da ya kamata ya fito.

Na ce, “Na sa. Haka ne, Malam.”

Ya saki hannuna, ya karɓi cokalin da ke tafe. Shinkafar ta yi gishiri, ban san inda hankalina yake ba da na dafa ta. Gobe in rage.